Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Tsokaci a kan Horar da Masana Ji da Masu Gyaran Magana a Matakin Babban Digiri, daga Riyad zuwa Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala tsokaci ce a kan yadda jami'o'i ke horar da masana ji da masu gyaran magana a matakin digiri na biyu da na uku. An ɗauki birnin Riyad na ƙasar Saudiyya a matsayin madubi, domin a can an shigo da tsarin horo irin na Amurka cikin al'ummar da ba da Ingilishi take rayuwa ba, daga nan aka juyo ga ƙasar Hausa. Maƙalar ta nuna cewa babban kaso na wannan sana'a a kan harshen majinyaci yake tafiya, don haka kayan awon da aka gina a kan wani harshe suna iya kai ƙwararre ga hukunci na kuskure. An kawo hujjoji daga tsarin gaɓa da karin sauti da tsayin wasali da karin harshe. A ƙarshe an ba da shawarar ayyukan da sassan nazarin Hausa za su iya ɗauka tare da tsangayoyin kiwon lafiya.

Fitilun kalmomi: ilimin ji, gyaran magana, karin sauti, karin harshe, maganar hannu

1.0 Gabatarwa

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a kan ji a shekarar 2021, an ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 ne ke fama da raunin ji da ya kai ga buƙatar kulawa, kuma adadin zai haura miliyan 700 nan da 2050. Rahoton ya nuna cewa kashi 93 cikin 100 na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su kai ga samun masanin ji ɗaya ga kowane mutum miliyan guda ba, kuma kashi 17 kacal ne ke da mai gyaran magana ɗaya ko fiye ga kowane miliyan. Ƙasar Hausa tana da nata dalilai na musamman na damuwa. Tana cikin yankin sanƙarau, kuma a annobar 1996 kaɗai sama da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Kurumta na daga cikin tabon da cutar ke bari a jikin waɗanda suka tashi. Ga ƙyanda da hangum da shawarar jarirai mai tsanani da ciwon kunne mai zubar da mugunya, ga allurai irin su jentamaisin da ake bayarwa barkatai, ga ƙarar injin niƙa da janareta. A ɓangaren manya kuma, hawan jini yana haifar da shanyewar ɓarin jiki, wadda sau da yawa takan tafi da magana.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce a ƙara guraben karatu, a tura ɗalibai waje su yi babban digiri. Wannan maƙala ta yarda da buƙatar hakan, amma tana tambaya: da wane harshe za a auna majinyacin idan ɗalibin ya dawo? A nan, “masanin ji” na nufin wanda ke auna ƙarfin ji, ya gano irin rauninsa, ya daidaita na'urar ƙara ji. “Mai gyaran magana” kuwa shi ne mai tantancewa da kula da in'ina da tsamin baki da jinkirin fara magana da matsalar murya da haɗiya da rikicewar harshe bayan rauni a ƙwaƙwalwa.

2.0 Tsarin da Ake Koyi da Shi

Ilimin ji ya kafu a matsayin fanni mai zaman kansa a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojoji da yawa suka komo da lalatattun kunnuwa, kuma ana danganta kafuwarsa da Raymond Carhart na Jami'ar Northwestern. A yau a Amurka ba a shiga aikin gyaran magana sai da digiri na biyu, ba a shiga aikin masanin ji sai da digirin dakta na aikin asibiti. Ƙungiyar ƙwararrun fannin ta ƙasar, wadda aka kafa a 1925, tana buƙatar ɗalibin gyaran magana ya cika awa 400 na horo a ƙarƙashin mai duba shi, 25 na kallo, 375 na hulɗa da majinyaci, sannan ya yi mako 36 na aikin gwaji bayan kammalawa.

Wannan tsari yana da ƙarfi ta fuskar tsantseni, kuma babu dalilin raina shi. Sai dai akwai wani sharaɗi da ba a rubuta shi a manhaja ba saboda a can ba a buƙatar rubuta shi, wato ɗalibin ya tarar da kayan awo a shirye cikin harshen majinyatansa. Akwai jerin kalmomin awon ji da Hirsh da abokan aikinsa suka fitar a 1952, da gwajin furuci na Goldman da Fristoe na 1969, da gwajin rikicewar harshe na Goodglass da Kaplan na 1972, ga kuma bincike mai yawa a kan shekarun da yaro mai jin Ingilishi ke mallakar kowane sauti. Idan aka kwashe manhajar zuwa wata ƙasa, darussa da na'urori suna tafiya lafiya. Wannan sharaɗi shi ne ake barowa a baya.

3.0 Darasin Riyad

Jami'ar Sarki Sa'ud, wadda aka kafa a 1957, tana koyar da ilimin ji da gyaran magana a Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Aikace, kuma tana da cibiyar kunne ta Sarki Abdullahi inda ake dashen na'urar ji. Jami'ar Gimbiya Nura ta mata ita ma tana da sashen wannan fanni, kuma a Jidda Jami'ar Darul Hikma tana ba da digiri na biyu a gyaran magana. Hukumar da ke tantance ma'aikatan lafiya, wadda aka kafa a 1992, ita ke ba da lasisi. Da yawa daga cikin malaman fannin sun yi manyan digirorinsu a Amurka da Ingila da tallafin gwamnati, kuma harshen koyarwa a kwalejojin lafiya Ingilishi ne. A unguwar Ulaya, tsakiyar kasuwancin Riyad, asibitoci masu zaman kansu da ƙananan cibiyoyin gyaran magana suna ɗaukar waɗanda suka kammala, tare da ma'aikata daga Masar da Jodan da sauran ƙasashe.

Ke nan ɗalibi yana karatu da Ingilishi, ya yi aiki da Larabci, kuma Larabcin ba guda ba ne. Tun 1959 Charles Ferguson ya bayyana halin da Larabawa ke ciki na zama da nau'i biyu na harshe, fusha a makaranta da mumbari, ammiyya a gida da kasuwa. Yaro ɗan shekara huɗu a Riyad da karin Najadu yake magana, ba a furta masa harafin “ƙaf” yadda yake a fusha ba, da “g” yake jin sa. Wanda ya auna shi da ma'aunin fusha zai rubuta masa cutar da ba shi da ita. Abin yabo shi ne masanan yankin ba su tsaya ga koke ba. Ashoor da Prochazka sun fitar da kalmomin awon ji na Larabcin Saudiyya a 1982. Amayreh da Dyson sun nazarci yadda yaran Jodan ke mallakar baƙaƙen Larabci a 1998. Cibiyar Magana da Ji ta Jidda ta samar da ma'aunin bunƙasar kalmomin ƙananan yara na Saudiyya. Irin waɗannan ayyuka ne suka mayar da digirin da aka ɗebo daga waje abin amfani a gida, kuma sun ci shekaru masu yawa.

Duk da haka, gyaran ya tsaya a kan Larabci. A Makka da Madina da Jidda akwai zuriyar alhazan Afirka ta Yamma da suka zauna tun zamanin tafiyar ƙasa, waɗanda da yawansu ke ɗauke da nisbar Hausawi, kuma akwai Hausawan da aiki ko karatu ya kawo Riyad a baya-bayan nan. Yaron da ya tashi da Hausa a gida yana iya furta harafin “sa” mai ɗigo uku da “s”, ya furta “ha” ta maƙogwaro da “h” ta Hausa, kamar yadda harshen ya yi wa kalmomin aro irin su hadisi da hukunci. Wannan tasirin harshen farko ne, ba tsamin baki ba. Manhajar da ba ta koyar da bambancin ba tana maimaita wa wannan yaro kuskuren da ta riga ta gyara wa ɗan Najadu.

4.0 Inda Awon Aro ke Kuskure a Hausa

4.1 Tsarin gaɓa

Awon ji iri biyu ne. Na farko da tsantsar ƙara ake yin sa, daga 250 zuwa 8000 Hz, kuma ba ruwansa da harshe. Na biyu da kalmomi ake yin sa, shi ne ke nuna yadda mutum ke fahimtar magana, kuma da shi ake tabbatar da amfanin na'urar da aka sa masa. A Ingilishi ana amfani da kalmomi masu gaɓa biyu masu nauyi ɗaya, da kuma jerin kalmomi hamsin-hamsin masu gaɓa ɗaya, yawancinsu baƙi-wasali-baƙi. Hausa ba da nauyin gaɓa take bambance kalmomi ba. Kalmominta masu gaɓa ɗaya kaɗan ne, irin su ci, sha, ja, bi, rai da ƙwai, kuma masu tsarin baƙi-wasali-baƙi galibinsu amsa-kama ne, irin su tak, fat, tsaf da cif, waɗanda mai magana bai saba jin su su kaɗai ba. Saboda haka fassara jerin Ingilishi ba ta da amfani, kwaikwayon siffarsa ma ba zai yiwu ba. Dole a gina jerin Hausa a kan kalmomi masu gaɓa biyu, a daidaita yawan kowane sauti da yawansa a maganar yau da kullum.

4.2 Karin sauti da tsayin wasali

Kuka na itace yana da karin sauti sama-ƙasa, kuka na hawaye sama-sama. Wuya na jiki sama-ƙasa, wuya ta wahala ƙasa-sama. Gari na zama da gari na tuwo tsayin wasalin farko ne ya raba su. Abin ya wuce kalmomi ya shiga nahawu: a “ya tafi”, idan wasalin “ya” dogo ne mai karin sama, labari ake bayarwa cewa tafiyar ta auku, idan gajere ne mai karin ƙasa, umurni ne ko buƙata. Daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ma'anar haka a asibiti ita ce jerin kalmomi a takarda ba awo ba ne, domin masu karantawa biyu suna iya furta kalmomi daban-daban daga rubutu guda. Sai an naɗi murya, an daidaita ƙarfinta.

Batun ya fi tsanani a dashen na'urar ji. Na'urar tana aiki da 'yan wayoyi tsakanin 12 zuwa 22 a cikin kunne, tana isar da tsayi da ƙarfin sauti da kyau, amma tana da rauni wajen isar da tashi da faɗuwar murya. Binciken da aka yi a kan masu jin Sinanci ya nuna cewa gane karin sauti yana ba masu dashe wuya fiye da masu lafiyayyen ji. Ɗalibin da ya koyi aikin bayan dashe a kan Ingilishi ko Larabci, waɗanda ba sa bambance kalma da karin sauti, zai dawo ba tare da darasi ko ɗaya a kan abin da yaron Bahaushe ya fi buƙata ba.

4.3 Furuci da karin harshe

Gwajin furuci na Ingilishi yana neman yaro ya furta baƙaƙe biyu ko uku a jere a farkon kalma. Hausa ba ta yarda da haka ba, shi ya sa ta sa wasali ta ce burodi da fulawa. Idan aka gwada ɗan firamare Bahaushe da hotunan Ingilishi, za a ƙirga masa ƙa'idar harshensa a matsayin kuskure. A ɗaya ɓangaren, gwajin ba ya tambayar komai a kan ɓ da ɗ da ƙ da ts da 'y, ko bambancin ra-gare da ra-kaɗe, alhali iyaye a kan irin waɗannan suke kawo ƙorafi.

Ko an gina gwajin da Hausa, saura karin harshe. Basakkwace yana cewa hwara, zamna, sabka da biyat inda Bakano ke cewa fara, zauna, sauka da biyar. A karin Zazzau ba a tsananta bambancin jinsi kamar yadda daidaitacciyar Hausa ta tanada. Mai gyaran maganar da bai san wannan ba zai ɗora yaron Sakkwato ko Maraɗi a kan jinyar da ba ya buƙata, iyaye su kashe kuɗi, yaro ya tashi yana kunyar bakin gidansu. Kuskuren yana iya juyawa: yaro mai matsala ta gaske a ce ai karin garinsu ne, har lokacin taimako ya wuce.

4.4 Rikicewar harshe bayan shanyewar ɓarin jiki

Michel Paradis ya kafa hujja tun 1987 cewa mai harsuna biyu sai an gwada shi a kowannensu, domin ba lallai su dawo tare ba. Dattijon da ya yi shekara arba'in a Hijaz yana iya farfaɗowa da Hausa fiye da Larabci, ko akasin haka. Idan Larabcinsa kaɗai aka auna, za a raina abin da ya rage masa. Haka ɗan kasuwar Kano da aka gwada da hotunan kayan gidan Turawa: gazawarsa ta ambaci sunan abin da bai taɓa gani ba ba ta nuna komai game da ƙwaƙwalwarsa.

5.0 Halin Horo a Gida

A Nijeriya, Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Ibadan ya daɗe yana horar da masana ji da masu gyaran magana har zuwa digiri na uku, kuma shi ne uwa ga yawancin ma'aikatan fannin. Hukumar da aka kafa da Doka ta 38 ta 1988 ita ke yi musu rajista tare da masu gashin ƙashi da makamantansu. A Arewa akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da sassan ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos. A ƙasashe rainon Faransa, makarantar ma'aikatan lafiya ta Lome ce ta shahara da yaye masu gyaran magana. Jami'ar Makerere ta fara digirin farko a fannin a 2008, Jami'ar Ghana ta fara digiri na biyu a 2016.

Abu biyu ne abin suka a nan. Na farko, fannin ya rabu tsakanin tsangayar ilimi, inda ake da fahimtar yaro da makaranta amma majinyata ba su kusa, da asibitin koyarwa, inda ake da majinyata amma ana kallon awon ji a matsayin reshen tiyatar kunne. Na biyu, wanda ya fi shafar masu karanta wannan mujalla, sassan nazarin Hausa ba sa cikin zancen. Hausa na daga cikin harsunan Afirka da aka fi yi wa bayani. Akwai ƙamusun Bargery na 1934, da Bayanin Hausa na Dauda Bagari na 1986, da Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na Mu'azu Sani Zariya na 1999, da babban nahawun Paul Newman na 2000, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Duk abin da mai gina gwaji ke nema game da sauti da gaɓa da karin sauti yana cikinsu. Amma ɗalibin tsarin sauti yana gama kundinsa ba tare da ya taɓa shiga ɗakin awon ji ba, ɗalibin ji kuma yana gama nasa ba tare da ya san cewa Hausa na da karin sauti uku ba.

6.0 Maganar Hannu da Al'adar Gida

Horon da ya ɗauki kurumta a matsayin cuta kawai yana da tsohon tarihi, tun taron Milan na 1880 da ya fifita koyar da kurame magana da baki a kan ishara. A Nijeriya, makarantun da Andrew Foster ya assasa daga 1960 sun dawo da ishara, amma ta Amurka. Alhali kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu. Constanze Schmaling ta bayyana tsarinsa a littafinta mai suna Maganar Hannu a shekarar 2000, bayan bincike a Kano, inda ta nuna cewa masu ji da yawa suna iya shi gwargwado, kuma har sarautar Sarkin Bebaye akwai. Mai babban digirin da zai yi aiki da ɗaliban makarantar Tudun Maliki da iyayensu ba tare da ya iya maganar hannu ba tafinta zai riƙa nema a garinsu.

Haka kuma iyaye ba sa zuwa asibiti da kai fayau. Yaron da ya yi jinkirin magana wataƙila an riga an kai shi wurin wanzami an yanke masa linzami, ko an cire masa beli, ko an yi masa rubutun sha. Ƙwararren da ya fara da raina wannan ba zai sake ganin iyalin ba. Wanda ya san shi zai iya bambance abin da ba ya cutarwa da abin da ke jawo zubar jini da cuta, ya kuma nemi haɗin kan wanzami da ungozoma wajen turo jarirai awo da wuri. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce a tantance jariri kafin wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a ƙauye ungozoma ce ke ganin sa a ɗanye.

7.0 Hanzari da Shawarwari

Wani zai ce, a inda ma'aikata suka yi ƙaranci haka, maganar babban digiri almubazzaranci ne, gara a horar da ƙananan ma'aikatan lafiya da yawa. Gaskiya ne su za su kai ga jama'a. Amma da me za su auna, kuma wa zai koyar da su? Matakin digiri na biyu da na uku shi ne inda ake ƙera kayan aikin da ƙaramin ma'aikaci zai riƙe. Saboda haka ana ba da waɗannan shawarwari:

Na ɗaya, duk shirin babban digiri da za a buɗe a ƙasar Hausa ya tilasta darasin furuci da tsarin sautin Hausa da kare-karenta, da darasin maganar hannu wanda kurame da kansu za su koyar.

Na biyu, a fara da gwajin lambobi cikin hayaniya, wanda aka ƙirƙiro a Holan, aka mayar da shi manhajar waya a Afirka ta Kudu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fitar da nata a 2019. Hausa ta dace da shi ƙwarai, domin daga ɗaya har tara kowace lamba gaɓa biyu ce, kuma ba a buƙatar iya karatu. Abin lura shi ne kusancin biyu da biyar, da bambancin kari irin biyat da shidda da fuɗu. Wannan aikin kundin digiri na biyu ne guda.

Na uku, a gudanar da bincike mai faɗi a kan shekarun da yaran Hausawa ke mallakar kowane baƙi da karin sauti, a ƙalla a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da Maraɗi, a ƙarƙashin masu dubawa biyu, masanin harshe da ƙwararren asibiti.

Na huɗu, a daidaita keɓaɓɓun kalmomin fannin kamar yadda aka yi wa nazarin harshe da adabi a aikin da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, domin a iya yi wa uwa bayanin sakamakon ɗanta da harshen da take ji.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa tsarin horon da ake koyi da shi ya dogara ne da kayan awon da aka gina a harshen majinyaci, kuma waɗannan kaya ba sa bin manhaja idan ta yi ƙaura. Riyad ta sayi na'urori ta tura ɗalibai, amma sai da masananta suka zauna suka gina ma'aunan Larabci kafin horon ya yi cikakken amfani, kuma har yanzu masu wasu harsuna a cikinta suna bayan layi. Ƙasar Hausa ba ta da kuɗin Riyad, amma kaso mafi wuya na aikin, wato bayanin harshen, an riga an yi shi cikin shekara casa'in da suka wuce. Abin da ya rage shi ne sassan Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Yamai su buɗe ƙofa ga asibitocin koyarwa da ke maƙwabtaka da su, su amince cewa jerin kalmomi hamsin da aka naɗa aka gwada a kan masu lafiyayyen ji ya cancanci digiri kamar kowane kundi.